An Auna Hannu, An Bar Ido

Kuna tsakar gida ranar da Baba Mai Agogo ya yi ƙwallo da bahon wanki, kuma kun yi dariya. Kada wanda ya ce ba ya nan. In ba a wannan gidan ba, to a naku ko a layinku akwai dattijon da ya fara cin karo da kaya, kuka ce tsufa ne, kuka kawar da kai.

Bahon yana inda ya saba zama, gefen famfo, cike da ruwan kumfa. Baba ya fito daga ɗakinsa da akwatin aiki a hammata, ya miƙe sak zuwa ƙofar gida kamar an ja masa zare, sai ƙafarsa ta hagu ta kwashi bahon. Ruwa ya malale har bakin ɗakin Malama.

"Subhanallahi! Wa ya ajiye wannan a kan hanya?"

"A kan hanya?" in ji matarsa, wadda duk gidan hayar ke kira Mama, tana tsame zani daga ƙasa. "Shekara goma sha ɗaya bahon nan yana zama a nan. Da yana da baki ai da ya gaishe ka."

Matan da ke shanya suka tuntsire.

"Yau baho, shekaranjiya buta. Ran Asabar ni kaina ka bangaje a bakin ƙofa, ni da duk wannan jikin nawa. Ko na rame ne ban sani ba?"

"Ke ai ko da ido a rufe an san kin iso," in ji Baba. "Ƙasa ce ke ba da labari."

Aka sake kwashewa da dariya. Malama, wadda ke koyarwa a firamaren bayan kasuwa, tana kulle ɗakinta da littattafan yara a ƙirji. Ita ma ta yi murmushi, amma wani abu ya tsaya mata a rai. Lokacin da Mama ta yi magana, Baba bai waiga da ido kamar yadda kowa ke yi ba. Jikinsa duka ya juya, kai da kafaɗa, kamar mai ciwon wuya.

A hanya ta tuna da takardar. Wata biyar ke nan. Baba ya je asibitin ido neman tabarau na karatu, ya dawo da 'yar kwalbar maganin ɗigawa da farar takarda, ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

"Malama, karanta min wannan. Likitan ya ce wai hawan jinin ido gare ni."

Ta karanta masa: ɗigo ɗaya safe, ɗaya yamma, ya koma bayan wata uku. Ta ninke takardar ta miƙa masa, ta ce Allah ya sawwaƙe, ya ce amin. Iyakarta ke nan. Tana da takardar shaidar koyarwa a rataye a bango, tana da waya a hannu, amma ba ta taɓa tambayar kanta mene ne ma wannan ciwon ba. Ta karanta, ta sauke nauyi. Haka yawancin masu iliminmu ke yi.

Da aka tashi makaranta ta biya ta wurin aikinsa. Teburinsa yana bakin babban titi, ƙarƙashin rumfar kwano, jikin shagon Mai Magani. Akwatin gilashi ne a gabansa, agoguna sun yi layi a ciki, kowane da 'yar takarda ɗaure da zare. Ya maƙala ɗan gilashinsa a idon dama, ya sunkuya a kan wani agogo da ya farke.

"Baba, sannu da aiki."

Ya juyo gaba ɗaya. "A'a, Malama! Yau kuma agogonki ne ya yi yaji?"

"Lafiyarsa lau. Baba, maganin nan na ido, kana ɗigawa kuwa?"

"Wanne? Au, wancan. Ya ƙare tuni. Na ɗiga har kwalbar ta yi ƙaf, ban ga ya ƙara min komai ba sai raɗaɗi."

"Ka koma asibitin?"

Ya cire gilashin ya ajiye, yana murmushin wanda ya daɗe da shirya amsa. "Zo ki gani da idonki." Ya buga bangon katakon shagon. "Maƙwabci! Fito da abin nan naka."

Mai Magani ya leƙo, mutum ne mai fara'a da tumbi, ya fito da na'urar awon jini. Baba ya naɗe hannun riga ba tare da an ce masa ba. Aka ɗaura masa a damtse, abin ya kumbura, ya saki.

"Ɗari da ashirin bisa tamanin," in ji Mai Magani. "Wallahi Baba ya fi ni. Ni da zan samu wannan ai da na yi rawa a titi."

"Kin ji ko? Duk mako sai an auna ni, ko sau ɗaya bai hau ba. Jinin da ke hannu ai shi ne a ido, ko ido yana da nasa daban ne? In bai hau a nan ba, ta ina zai bi ya hau can?"

"Amma likita..."

"Likitan yaro ne, Malama, ko gemu bai gama tsiro masa ba." Ya ɗauki matsefata, ya tsinto wani ɗan mitsitsin noti daga cikin faranti, ya ɗaga mata. "Kina ganinsa?"

Sai da ta sunkuya ta ƙanƙance ido. "Da ƙyar."

"To ni har tsagar kansa ina gani. Wa ya kamata ya je asibiti tsakanina da ke?"

Mai Magani ya yi dariya har yana dafa ciki. A kunnen Malama ma maganar ta yi daidai. Ta yi sallama ta wuce, kunya na cin ta, ba ta san ko kunyar me ba.

Kwana huɗu abin yana damun ta. A rana ta biyar ta karɓi takardar a hannun Mama, ta nemi izini a makaranta, ta hau mota zuwa asibitin idon. Ta zauna a benci har rana ta take, kafin wata ma'aikaciyar jinya mai furfura a goshi ta saurare ta a bakin ƙofa. Matar ta duba takardar, ta ji labarin awon damtse, ta yi tsaki mai tsawo.

"Sunan nan ne ya cuce mu, 'yar uwa. Ba jini ba ne ma. Wani ruwa ne a cikin ƙwayar ido, yana da 'yar magudanar da yake bi ya fita. In ta toshe sai ya taru ya matse jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Abin da ake ɗaurawa a hannu ba ruwansa da wannan. A idon ake aunawa."

"Amma fa yana ganin abin da ni ba na gani."

Matar ta naɗe takardar ta zama kamar bututu, ta ɗora mata a ido. "Rufe ɗayan. Me kike gani?"

"Fuskarki."

"Tar?"

"Tar."

"Hannuna fa?"

Malama ta sauke takardar. Hannun yana nan dab da kunnenta, yana motsi.

"Haka yake ci, daga gefe. Ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Da yanar ido ce, da an cire masa ya ga gari. Wannan kuwa abin da ya tafi ya tafi. Maganin ba ya ƙara gani, ragowar yake tsarewa, kuma ba a dainawa. Ki kawo shi ran Alhamis, ranar likitan ke nan. Yana da 'ya'ya? Su ma su zo, abin yana bin dangi."

Da la'asar ta same su a ɗaki. Mama tana tsintar shinkafa a tire, Baba yana zaune bakin gado yana goge tabarau da gefen riga. Malama ta durƙusa ta gaishe su, ta ce tana roƙon alfarma ɗaya, in an yi mata ba za ta ƙara tayar da maganar ba.

"Wata jarrabawa za a yi min?" in ji Baba. "To, ɗalibi ya shirya."

"Ka kalli agogon bangon can, kada ka motsa kai. Mama, ɗauki jan kofin nan ki tsaya ta hagunsa. Ki riƙa matsowa gaba a hankali. Baba, da ka hango shi ka ce."

Mama ta ɗauki kofin tana dariya, tana rangwaɗa kamar amarya. Ta yi taku ɗaya. Ta yi biyu.

"Maigida, ga ni fa."

"Ina jin ki."

Ta ƙara matsowa, tana girgiza kofin. Dariyar ta fara raguwa. Ta wuce kafaɗarsa, ta zo daidai gwiwarsa.

"Maigida, wasa kake?"

Sai da ta kusa shiga tsakaninsa da agogon, sannan ya ce a hankali, "Ga shi."

Aka gwada dama. Ta fi ɗan dama-dama, amma ba da yawa ba. Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye, kofin a cinyarta. Agogon bango ya ci gaba da aikinsa.

"Ka sani," in ji Mama daga baya. "Wallahi ka sani."

"Na san ɗakin nan ya ƙanƙance." Ya murza tafin hannunsa. "Titi ma ya ƙanƙance. Amma duk sanda aka ɗaura min abin nan aka ce lafiya, sai in ji sanyi, in ce to ba shi ba ne." Ya juyo wajen Malama da jikinsa duka. "Kin san abin da zai faru in aka ji Mai Agogo yana zaryar asibitin ido? Wa zai ba makaho agogonsa? Shekara talatin da huɗu ban iya komai ba sai wannan."

"Baba, ganin tsakiyar da kake aiki da shi ɗin ne ake so a tsare. In aka bari, shi ma zai bi sauran."

"Ba zai dawo ba? Na gefen?"

Ta so ta yi masa ƙarya. "Ba zai dawo ba."

Ya mayar da ido kan agogon bango. "Yaushe suka ce?"

"Alhamis."

"Yau Litinin. To, in sallami agogunan mutane kafin nan. Ke za ki raka ni, amma in an tambaye ki, ki ce haƙori ne."

Mama ta yi wata 'yar dariya, hawaye na zubo mata. "Haƙora nawa suka rage maka da za a yarda?"

Washegari Talata, Malama ta sauka daga mota a tsallaken titi wajen ƙarfe biyu, zuciyarta wasai. Baba ya rufe akwatinsa ya sa a hammata, zai je gida cin abinci, kamar kullum. Titin nan ya fi shekara talatin yana tsallaka shi. Ya tsaya a baki, ya juya hagu da jikinsa, ya juya dama, sannan ya dubi gabansa. Ya hango ta tun daga nesa, cikin mutane sama da ashirin, ya gane ta sarai. Ya ɗaga hannu yana murmushi, ya sako ƙafa.

Ta ga babur ɗin da ya fito daga lungun hagu. Kowa ya gan shi. Ba wani gudu yake yi ba, buhu biyu ne ma a bayansa. Ya yi hon, ya ƙara.

"Baba!"

Da ya ji muryarta sai ya ƙara faɗaɗa murmushin, ya ƙara taku ɗaya.

Ƙarar ba ta da yawa. Ya faɗi da baya, ƙeyarsa ta sami bakin kwalbati. Akwatin ya tarwatse, agoguna suka watsu a kwalta. Mai babur ɗin, magidanci ne da ya manyanta, ya yar da abin hawansa ya durƙusa yana kuka.

"Na yi hon, wallahi na yi hon! Na ɗauka ya gan ni, ai idonsa a buɗe yake!"

"Ai kuwa kamar bai gan shi ba," in ji wani mai sayar da lemo. "Ikon Allah."

Mai Magani ya fito a guje da auduga. Aka tsayar da mota. Malama ta ɗora kansa a cinyarta har asibiti, jini yana ratsa zaninta, tana ta kiran sunan Allah domin ba ta da wani abin yi.

Aka kwantar da shi a gado na biyu daga taga. Likitoci suka ce jini ya taru a cikin kai, suka yi abin da za su iya. Mama ta zauna a kujerar roba ta ƙi tashi. Babban ɗansu, wanda ke tuƙa doguwar motar wani kamfanin sufuri, ya iso da yamma, ya tsaya a ƙafar gado yana murza hula.

Ran Laraba da hantsi Baba ya buɗe ido. Malama tana tsaye ta gefen matashinsa.

"Baba, sannu. Ni ce."

Idon ya yi ta yawo a rufin ɗaki. Wuyan ba ya juyuwa yanzu.

"Malama?" Muryar ta yi siriri. "Zagayo ta gaba. Ta nan ce ƙofar."

Ta zagaya ta sunkuya har fuskarta ta shiga inda yake gani.

"Yawwa. Yau wace rana?"

"Laraba."

"Gobe ke nan." Ya lumshe ido, ya buɗe. "Agogunan mutane..."

"An tsince su duka, suna wajen Mai Magani."

"Akwai na wata mata, ƙarami, mai ruwan zinare. Ban gama ba. Kada a ba ta a ce an gyara."

"Ba za a ba ta ba."

"Kin ce ba a daina ɗigawar ko?"

"Ba a dainawa, Baba."

"To." Idonsa ya rufe har ta ɗauka ya koma barci. "Da sun sa wa ciwon nan wani suna daban."

Bai ƙara magana ba. Ya cika ran Alhamis da safe, wajen ƙarfe tara, daidai lokacin da ake buɗe ƙofar likitan ido a can ɗaya gefen gari.

Tsakar gidan ta cika da masu ta'aziyya. An kawar da kayan wanki an shimfiɗa tabarmi. Malama tana kai ruwa tana dawowa, maganganu suna shiga kunnenta. Kwana ne ya ƙare. Masu baburan nan ba su da hankali. Wata tsohuwa da ta ji ƙishin-ƙishin ɗin maganar ido ta ce, ai ciwon ido sai haƙuri. Kowa ya gyaɗa kai. Haƙuri! Da wannan kalmar muke binne abin da ɗigo biyu a rana zai iya tsarewa, mu koma gida da zuciya fara. Mai Magani yana rakuɓe a bakin ƙofa. Da Malama ta miƙa masa kofi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ni fa abin da ya ce in auna na auna." Ita ma abin da aka ce ta karanta ta karanta.

Kwana huɗu bayan haka babban ɗan ya yi shirin komawa aiki. Ta tare shi a ƙofar gida da sassafe, jakarsa a kafaɗa.

"Yaya, don Allah minti ɗaya. Ciwon nan na Baba, sun ce yana bin dangi. Kai ka haura arba'in. Ya kamata a duba ka."

"Hawan jinin?" Ya yi murmushin gajiya, ya bubbuga damtsensa. "Malama, mu direbobi kamfani ba ya wasa da mu. Duk wata uku sai an ɗaura mana abin nan. Nawa lafiya lau."

"Ba shi ba ne. Wallahi ba shi ba ne, Yaya. Wannan a cikin ido ake aunawa, ba jini ba ne ma, sunan ne kawai..."

Ta yi ta bayani, kalmomin suna tuntuɓe da juna. Ya saurara da ladabi, domin ya san ita ta riƙe kan mahaifinsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya mayar aljihu.

"Na ji, kuma na gode. Allah ya saka miki. In na samu sarari zan leƙa, in sha Allahu."

"Yaushe?"

"In na samu sarari, Malama. Fasinja na jira."

Hanyarta ta makaranta ta bi ta tasha. Ta tsaya a bakin shinge. Motar tasa ta riga ta cika: mata da goyo, wasu 'yan mata da akwatunan makarantar kwana, wani dattijo ya manna goshi a gilashi yana gyangyaɗi. Direban ya hau, ya gyara zama, ya goge madubi da hannun riga. Wata yarinya a kujerar baya ta hango Malama ta ɗaga mata hannu, ba tare da ta san ta ba. Motar ta ja da baya kaɗan, ta karya kai, ta shiga babban titi a hankali.

Kai mai karatu, ajiye wannan ka tashi. Je ka tsaya a gefen mahaifinka ko mahaifiyarka ka ɗaga hannu. Ko sun gani ko ba su gani ba, ka kai su asibitin ido a makon nan, kai ma ka zauna a kujerar. In aka ce ku naɗe hannun riga, ka ce a'a, idon muka zo a auna.